Empifo a Lalitar Inna

Ni ce ’yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da wannan ke nufi. Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta yi mini magana kai tsaye, ba ta haɗa ido da ni, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma ko a cikin masu yinta Inna ta yi fice. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata ta wajen uba a Ƙofar Taramniya, can na girma tsakanin littattafai da masu zuwa ɗaukar karatu. Ita kuwa Inna mutuniyar Dundaye ce, can ta koma bayan rasuwar babanmu, ta ci gaba da turara shinkafa tana shanyawa kamar yadda ta tarar iyayenta suna yi.

Ina ƙarama sunana a bakinta "waccan". Da na yi aure muka tare a Arkilla sai na sami ƙarin girma, na koma "ta Arkilla". In ina zaune a gabanta kuma tana son ta gaya mini wani abu, sai ta gaya wa autarmu, wadda ke aure a nan kusa da ita, autar ta juyo ta maimaita mini kamar ni kurma ce. Mun saba, har wasa muke yi da abin. Amma zan faɗi gaskiya tun yanzu: na haura shekara arba’in, ina da ’ya’ya, ina da tebur nawa a ofis, kuma abin yana ci na. Sau ɗaya tak nake so in ji yadda sunana yake fita daga bakin matar da ta haife ni.

Ita empifo ɗin ba don Inna na saye ta ba. Kaina na saya wa, lokacin da ake yayinta, wata ’yar ƙaramar na’ura mai gilashi kamar kwalin ashana, tana kiɗa, tana nuna fim, tana da ’yar lasifika a gindi da wani jan maɓalli a gefe wanda ban taɓa kula da shi ba. Na yi shekara biyu ina toshe kunne da ita a cikin keke, daga Arkilla zuwa ofis, daga ofis zuwa Arkilla. Da manyan wayoyi suka zo sai na yi mata abin da ake yi wa tsohon zane, na jefa ta cikin durowa na manta.

Wata rana auta ta ce rediyon Inna ya mutu, kuma tana kewar karatun da take ji da hantsi. Waya kuwa ta ƙi ta ƙememe, wai ba za ta riƙe abin da zai dinga kiranta tana cikin aiki ba. Sai na tuna da mutuniyar cikin durowa. Na kai ta wurin masu turi, na sa aka zuba karatun Alƙur’ani da wa’azi a memori, aka ƙara waƙoƙin noma irin na da, sannan mai shagon ya cusa mini wani fim guda a kan kyauta ne.

Ranar Asabar na kai mata. Na ajiye a kan tabarma, auta ta ɗauka ta miƙa, don ba a karɓar abu daga hannuna. Inna ta juya ta gaba da baya, ta saurari karatu tana gyaɗa kai. Da kiɗa ya shigo sai fuskarta ta canza. Ta dubi auta ta ce:

"A tambaye ta, karatun da kiɗin, wane as sama?"

Ni da digirina ban yi tunanin wannan ba. A gidanmu ba a ɗora komai a kan Alƙur’ani, ko carbi ne sai an ɗauke, ga shi na kawo mata karatu da kalangu a cikin abu guda. Auta, wadda Allah ya yi wa baki, ba ta ko juyo ta tambaye ni ba. Ta nuna mata jerin da ke kan gilashi, ta ce ga karatu can a sama, kiɗa kuwa sai an gangara ƙasa sosai ake ishe shi. Inna ta duba da kyau, ta ga lallai haka ne, ta ce to madalla. Da haka empifo ta sami izinin zama a Dundaye.

Labarin yadda suka zauna a wurin auta nake jin sa. Iyafis dai, abin da ake sawa a kunne, tun ranar farko ta sallame shi, wai mai toshe kunne ba ya jin sallama, ta ɗaure bakin ledar kuka da igiyarsa. Na’urar kuwa ta naɗe ta a hankici ta sa a lalita, ’yar jakar nan da take ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin zane, inda goro da allura suke kwana. In za ta kewaya sai ta kwance ta ajiye a kan randa. Caji kuma gidan maƙwabta ake kai wa, masu sola, kuma ba ta yarda a aiki kowa, da kanta take kaiwa ta zauna jira, hira ta samu.

Fim ɗin nan na kyauta shi ya fi komai kasuwa. Bayan la’asar tsofaffi biyar za su haɗa kai a kan gilashin da bai fi yatsu biyu ba, mai gani da ido ɗaya tana ba da labari, masu ji da kunne ɗaya suna gyara mata. Auta ta ce sun kalle shi har sun haddace, amma duk lokacin da yarinyar fim ɗin za ta hau motar mugun nan sai Inna ta gargaɗe ta, kuma duk lokacin sai ta hau. Inna ta ce yaran yanzu ba sa jin magana.

Damina ta wuce, aka yanke shinkafa. Sai ga auta a gidana da rana tsaka, ta sauko daga kan kabu-kabu tana dariya tun daga bakin ƙofa. Ta kwance hankici ta ajiye mini empifo a cinya. Ta ce Inna ce ta aiko ta, wai abin ya lalace. Karatu zai ƙare, maimakon wa’azi ya biyo sai wata tsohuwa mai faɗa ta shigo tana zagin akuya. Saƙon Inna shi ne a fitar mata da tsohuwar nan, ita ba ta son masifa a cikin lalitarta.

Na kunna. Ai kuwa Inna ce da kanta, tana gaya wa akuya asalinta har kaka da kakanni saboda ta sa baki a shanya. Ba ta gane muryarta ba, don ba ta taɓa jin ta daga waje ba, kuma auta ba ta ga dalilin da zai sa ta zama mai kai wannan labari ba. Muka yi dariya har na ƙware. Da muka bincika sai muka gano jan maɓallin nan na gefe na ɗaukar murya ne. Inna tana ɗaure bakin lalita tamau, duk lokacin da ta sunkuya sai ƙullin ya danna shi. Wata da watanni na’urar tana kwance a ƙugunta tana kwashe duk abin da ake yi a gidan, har memori ya cika.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, in goge in mayar. Maigidana ma haka ya ce, ya ƙara da ’yar nasiha a kan sauraren abin da ba a gayyace ka ba. Na ce masa uwata ce. Ya ce ai shi ya sa. Na yi kunnen uwar shegu da shi, don tuni wani tunani ya shige ni: a cikin wannan tulin, a bayan idona, ba a gaban kowa ba, tabbas akwai inda bakinta ya suɓuce ta faɗi sunana. Washegari na sayi sabon iyafis.

Mako biyu na yi ina saurare, a keke da safe, a ofis in aiki ya yi sauƙi, a keke da yamma. Wanda bai taɓa sauraren duniya daga cikin lalita ba ba zai gane ba. Yawanci ba ka jin komai sai gogar zane da ƙarar goro yana karo da na’ura. Sai daka, sai kaji, sai tafasar tukunya, sai akuyar nan da na zo na san muryarta fiye da ta wasu dangina. Wani ɗaukan minti ɗaya ne, wani ya fi awa. Na ji cinikin nono da aka yi kamar za a kai ga alƙali, aka ƙare da tambayar lafiyar yara.

Amma na ji abin da ban sani ba. Ashe uwata tana dariya da ƙarfi, irin mai tashi daga ciki har da tari a ƙarshe. Ni a gabana murmushi ma a gefen mayafi take yin sa. Ashe tana waƙa in tana shiƙa. Ashe kuma gwanar kwaikwayo ce. Na ji ta tana yi wa ƙawayenta yadda maigidana yake gaisuwa, yadda yake jan "ina wuni" kamar mai karanta sanarwa a rediyo, har da gyaran muryar da yake yi kafin ya fara. Na tuntsire da dariya a cikin keke, matar da ke kusa da ni ta matsa. Wannan ɗaya dai ban taɓa kunna wa maigidan ba.

Maganata kuwa tana fitowa, har ta fi yadda na zata. Ta Arkilla ta aiko da atamfa. Ta Arkilla ba ta son yaji. Ta Arkilla, in ji ta, ita ke riƙe da ofis ɗinsu gaba ɗaya, in ba ta je ba ba a buɗewa, abin da shugabana zai yi mamakin ji. Duk lokacin da hira ta karkato kaina sai in danna iyafis cikin kunne in riƙe numfashi, duk lokacin kuma sai ta kewaye sunan ta wuce lafiya lau. Ko wata ce ta ambace shi, sai Inna ta ce "ita ɗin".

Akwai ranar da na ce yau kam an kama ta. Wata mata ce ta shigo, daga jin muryarta ma’aikaciya ce mai cike takarda, tana tambayar sunayen ’ya’ya. Inna ta jero huɗu tiryan-tiryan. Matar ta ce ai biyar aka ce mata, ina babbar? Na ji gogar zane, sai na ji Inna ta ɗaga murya tana kiran maƙwabciya ta kan katanga, wai ta zo ta gaya wa baƙuwa. Maƙwabciyar ta zo ta faɗa, aka rubuta. Na fizge iyafis na yi tsaki mai ƙarfi, har mai keke ya rage gudu yana ba ni haƙuri, wai ramin ne bai gani ba.

A ranar na yi fushi na gaske, ba na wasa ba. Na ce wace irin kunya ce wannan da za ta hana mace faɗin sunan da aka yanka wa rago saboda ita ta haihu? Na tuna ranar da aka kai ni makarantar kwana, kowa da uwarsa tana gyara masa akwati, ni da kakata. Na tuna haihuwata ta fari, da ta zo ta zauna a bakin ƙofa ta tambayi ungozoma ko an sauka lafiya, ta koma. Na san al’ada ce, na san haka aka yi mata ita ma. Sanin bai taɓa rage mini komai ba. Na jefa empifo a jaka na ce gobe zan goge kowa ya huta.

Goben ta zo da zafin nan namu na Sakkwato, ga shi an ɗauke wuta a ofis, fanka ta tsaya, kowa ya fita neman iska a gindin bishiyar bedi. Na zauna ni kaɗai na fito da na’urar don in goge. Saura uku ban ji ba. Na ce bari dai in ƙarasa, kada in ce da na sani.

Na farko daka ne. Na biyu dogo ne, ya fara da ƙarar buta, sai shimfiɗa tabarma, sai shiru mai tsawo da motsin zane jefi-jefi. Salla take yi. Na kai yatsa zan wuce, don ko ni na san wannan ya wuce gona da iri, sai na ji ta yi sallama ta fara addu’a ƙasa-ƙasa. Da yake a zaune take, bakinta ya matso kusa da lalita, muryar ta fito tar.

Daga ƙasa ta faro. Ta kira sunan auta, ta roƙa mata Allah ya rage mata surutu ya ƙara mata haƙuri da miji. Ta kira na sama da ita, mai tuƙin babbar mota, ta roƙa masa tsari daga sharrin hanya da barci. Ta kira na sama da shi, ta roƙa wa matarsa sauka lafiya. Ina lissafawa da yatsu. Ta kira ƙanen da ke bi na, ta daɗe a kansa, don shi kam yana da buƙatar addu’a. Yatsa huɗu suka lanƙwashe, saura ɗaya. A nan ba baƙuwa, ba maƙwabciya, ba auta, daga ita sai Ubangijinta.

 Can nesa akuya ta yi kuka. Sai Inna ta ce:

"Da wadda kas sani."

Na ji ta ja hanci. Sannan ta ci gaba, a hankali, kamar mai tsoron kada bango ya ji.

"Ba ni nir rene ta ba, kai kar rene ta. Ka sanyaya mata zucciya, zahin rai gare ta kama da ni. In tana hushi da ni, ka hwaɗa mata. Ni ban iyawa."

Ta ci gaba da roƙo, ta roƙa mini abubuwan da ban san ta san ina bukata ba, har ciwon ƙafar da na ɓoye wa kowa. Ta fi daɗewa a kaina fiye da sauran huɗun a haɗe. Ni kuwa ina zaune a kan kujerar gwamnati ina kuka wiwi, majina da hawaye, fayil a buɗe a gabana. Abokiyar aikina ta leƙo ta tambaya ko rasuwa aka yi, na ce mata zafi ne. Ta dube ni ta dubi fanka, ta ja mini ƙofa.

Sunan dai ban ji shi ba, ko a wannan, ko a na ukun, wanda ya kasance kaji ne kawai. Zan so in ce na goge duka saboda ba da ni ake magana ba, amma ƙarya ba kyau. Sai da na tura wannan ɗaya a wayata tukuna. Sannan na share duk muryoyin da ta ɗauka tas, na sa mai gyara ya liƙe jan maɓallin da gam yadda ko jaki ya taka ba zai dannu ba.

Ranar Asabar na tafi Dundaye da kaina. Na tarar da ita a tsakar gida ƙarƙashin ’yar rumfar kara, tana tsince tsakuwa daga shinkafa a faifai. Auta tana gefe. Na durƙusa daga nesa a inda na saba durƙusawa, cikin rana, na yi gaisuwa, aka amsa wa bango. Na ajiye na’urar, auta ta miƙa. Daga yadda auta take kauce wa idona na gane bakinta bai iya riƙe sirrin ba, ta riga ta gaya wa Inna ko wace ce tsohuwar.

Inna ta juya empifo a hannu, ta shafa wurin gam ɗin da babban yatsa. Ba ta ɗago ba ta ce wa auta:

"A tambaye ta, an hidda tsohuwar?"

Na ce wa auta ta gaya mata an fitar. Na yi niyyar in tsaya a nan, wallahi na yi niyya, amma zafin ran da aka ce ina da shi bai bar ni ba. Na ce ta ƙara gaya mata cewa tsohuwar ta bar saƙo a hannun wani, kuma saƙon ya iso.

Auta ta buɗe baki za ta maimaita, karo na farko a rayuwarta ta rufe shi. Hannun Inna ya tsaya a cikin shinkafa. Ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska, ta zauna haka har na fara nadama, na ce shi ke nan na kunyata tsohuwa a gidanta. Kaza ta zo ta ci shinkafa a faifai ba wanda ya kore ta.

Can Inna ta gyara zama, ta ce wa auta:

"Ce mata ta taso cikin rana ta shigo inuwa."

Na duba. Rumfar ƙarama ce, buhuna sun cinye rabinta, auta ta cinye saura. Inuwar da ta rage ɗaya ce, a kan tabarmar Inna, dab da ita. Na tashi na je na zauna, kafaɗata tana taɓa tata. Na jira ta matsa kamar yadda take yi in na kusato ta. Ba ta matsa ba. Ta turo faifan ya hau gwiwata rabi, gwiwarta rabi, muka ci gaba da tsince tsakuwa, ba mai kallon wani.